Karaya da Siminti ko Zoben Roba: Wanne Ya Dace da Gwajin Maganin CRPS a Jos?

Ƙanwarmu da ke digiri na biyu a fannin harhaɗa magunguna ta tambaya: tana son gwada abin da ta tatso daga wani ganye a kan ciwon CRPS, to wace hanya za ta bi da ɓerayenta, ta karaya da siminti ko ta zoben roba? Ga yadda nake kallon su biyun.

Ga waɗanda ba su san ciwon ba, CRPS shi ne azabar da ke kama hannu ko ƙafa bayan rauni, galibi karaya, ta zarce girman raunin nesa ba kusa ba. Ƙashi ya warke, amma gaɓar na raɗaɗi kamar an zuba garwashi, ta kumbura, launinta da ɗuminta su sauya, ko hannun riga ya goge ta sai mutum ya zabura. Ya fi kama mata. Sunan nan an tsayar da shi a 1994, amma tun yaƙin basasar Amurka likita Silas Weir Mitchell ya siffanta irinsa a jikin sojojin da harsashi ya taɓa musu jijiya.

Hanyar karaya ta fito ne daga Kaliforniya, a aikin Wade Kingery da abokansa na 2004. Ana sa wa ɓera barci, a karya ƙashin ƙwaurinsa, a sa masa siminti: mako 4 ga nau'in manyan ɓeraye (rats), mako 3 ga nau'in ƙanana (mice). Idan aka cire, tafin ƙafar ya yi ɗumi, ya kumbura, ɓeran ya ƙi dogara nauyinsa a kai, ƙashin ya zaizaye, ciwon kuma ya ɗauki makonni da yawa. Ƙarfinta shi ne ta bi sawun abin da ke faruwa da mutum, wato karaya sannan hana motsi. Har an gano simintin kaɗai, ba tare da karaya ba, yana kawo irin waɗannan alamu, sai dai ba sa daɗewa. Duk wanda ya taɓa ganin hannun da aka matse da ɗori na tsawon lokaci ba zai yi mamaki ba. Wahalarta kuwa ba kaɗan ba ce: ɓera na gwaguyar siminti, dole a riƙa duba shi kullum, ana buƙatar hannun da ya ƙware don karayar kowane ɓera ta zo iri ɗaya, ga kuɗin ciyarwa na watanni.

Zoben roba aikin Terence Coderre ne na Jami'ar McGill a Kanada, shi ma 2004. Ana ɗaure ƙafar baya da matsattsen zobe a saman idon sawu na awa 3, ɓeran na barci, sannan a yanke zoben jini ya koma. Dawowar jinin ce ke ɓata ƙananan hanyoyin jini. Ja da kumburi na wucewa cikin 'yan sa'o'i, amma ciwon na kai mako 4, har yakan tsallaka ɗaya ƙafar da ba a taɓa ba. Ba tiyata, ba siminti, yini ɗaya an gama. Lagonta shi ne ba kowane ɓera ke kamuwa ba, kuma yawancin masu CRPS ba ta wannan ƙofar ciwon ya shigo musu ba.

Ƙanwata, ganyenki ne zai raba gardama. Idan kina zaton aikinsa kashe gurɓatattun sinadaran iskar oksijin ne ko buɗe hanyoyin jini, ɗauki zobe, don a can aka ga irin su N-acetylcysteine, maganin da ke kashe waɗannan gurɓatattun sinadarai, sun rage ciwon. Idan kuwa zancen kumburi ne, ko ƙashi, ko garkuwar jiki, karaya ta fi dacewa. Da ni ne a Jos, da zobe zan fara, saboda aljihu da kuma sauƙin samun amincewar kwamitin kula da haƙƙin dabbobi. Ko daga cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos za ki ɗauko ɓerayen ko wani wuri, ki haɗa da ɓeraye mata, tunda a cikin mutane mata ciwon ya fi addaba, kuma ki tsare ɗumin ɗakin. Sanyin hunturun Jos kaɗai ya isa ya birkita miki awon zafin tafin ƙafa. Gwajin faranti mai zafi da na murɗawar ciki da muka saba ba za su yi ba a nan, sai kin nemo gashin von Frey da ake taɓa tafin ƙafa da shi.

Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne fassarar sakamako. Magungunan da ke toshe sinadarin substance P, wanda jijiyoyi ke fitarwa ya haddasa ciwo da kumburi, sun yi wa ɓerayen karaya aiki, amma danginsu ba su zama maganin ciwo a jikin mutane ba. Neridronate, wani maganin ƙashi, ya yi kyau a gwajin da aka yi wa masu CRPS a Italiya a 2013, sai ga manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya an dakatar da su a 2019 don ba alamar nasara. Andreas Goebel na Liverpool ya nuna cewa sinadaran garkuwa daga jinin majinyata na tsananta ciwo a ɓeraye, amma a gwajinsa na 2017 kan majinyata, ƙarin immunoglobulin (sinadaran garkuwa da ake tacewa daga jinin masu bayarwa) bai fi allurar wofi marar magani ba. Ketamine kuwa a ƙananan ɓerayen karaya ya yi aiki ne bayan ciwon ya tsufa, ba a farkonsa ba. Saboda haka ki raba ɓerayenki gida biyu, wasu a ba su da wuri, wasu sai ciwon ya zauna, kuma wanda zai yi awon kada ya san wane ɓera ne ya sha me.