Sikila: Hydroxyurea ko dashen ɓargo?

Iyayen masu sikila a Zariya sun sha yi mini wannan tambaya, musamman masu zaryar asibitin Shika.

Hydroxyurea ƙwaya ce ta kullum. Jariri na zuwa duniya da wani nau'in haemoglobin (sinadarin jini mai ɗaukar iskar oxygen) da ba ya lanƙwasa ƙwayar jini kamar na sikila, sai jiki ya kulle ƙwayar halittar da ke sarrafa shi cikin watannin farko. Maganin nan yana sa ƙwayoyin ɓargo su sake samar da shi, ciwon ƙashi ya yi sauƙi. Ba ya warkarwa, ana auna jini a kai a kai, mai ciki kuma ba ta sha. Kuɗinsa dai da sauƙi.

Dashe kuwa sauya uwayen ƙwayoyin jini da ke cikin ɓargo ne ɗungurungum da na wani mutum. Yana iya raba mutum da cutar, amma an fi samun nasara in an sami ɗan'uwa uwa ɗaya uba ɗaya da ɓargonsa ya dace, damar kowane ɗan'uwa ya dace kuwa 1 cikin 4 ce. Ga miliyoyin naira, ga haɗarin rashin haihuwa, sabbin ƙwayoyin ma kan yaƙi jikin. A birnin Benin aka fara yin sa a Najeriya, a 2011.

Yawancin iyalai maganin ya fi musu, in likita ya amince. Dashe na yaron da cutar ta tsananta ne, mai ɗan'uwan da ya dace da kuma halin biya.