Flatseal da ƙ ɗin da ta ɓace a katin biki

Ina da ɗan shagon buga katin biki da takardun gayyata a Garwa. Aikinmu harshe uku ne: Faransanci, Fulatanci, Hausa. Faransanci ba ya ba da wahala. Amma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba kowane salon haruffa ke da su ba, shi ya sa nake riƙe da salon Charis SIL da na Andika, sai salon Alkalami idan ajami aka kawo.

Da na koma amfani da Linux a kwamfutata, na sauke manhajar zanena ta Flatpak, wata hanyar girka manhajoji a Linux. Wani Alhaji ya kawo katin auren 'yarsa, yana zaune a benci yana jira. Na buɗe jerin haruffa, babu Charis. Manhajar ta ɗauko wani salo da kanta, "ƙanwar" ta fito da ɗan akwati a maimakon ƙ. Ya leƙo ya ce, "Malam, wannan ramin fa?" Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri zuwa la'asar."

Laifina ne. Flatpak killace manhaja yake yi, ba ta ganin ko'ina a kwamfuta sai inda aka yarje mata. Yana nuna mata haruffan da ke ~/.local/share/fonts, amma ni ba ainihin fayilolin na ajiye a can ba. Suna kan faifan waje, mahaɗa kawai na sa tana nuni zuwa /media, don faifan cikin kwamfutata ƙarami ne. Manhajar ta bi mahaɗar, ta tarar da katanga.

A nan Flatseal, abin da ake tsara izinin manhajojin Flatpak da shi, ya yi min rana. Kyauta ne a Flathub, rumbun manhajojin Flatpak. Ka zaɓi manhajar a gefen hagu, izininta duka su bayyana a dama. Na gangara sashen fayiloli, na rubuta adireshin jakar haruffan, na liƙa :ro a ƙarshe, wato ta karanta kawai, kada ta taɓa komai. Ban ga canji nan take ba, har gabana ya faɗi. Ashe sai an rufe manhajar gaba ɗaya an sake buɗewa. Na haɗa da fc-cache -f, umarnin da ke sabunta jerin haruffa, sai ga Charis, ƙ ta dawo da lanƙwasarta.

Abu ɗaya ke damuna, kuma halinmu ne ba na Flatseal ba. Akwai maɓallin da ke buɗe wa manhaja dukkan fayilolin kwamfuta, taɓawa ɗaya. Yaron shagona ya ce mu danna shi mu huta. Na ƙi. Hotunan amaren mutane da katin shaidarsu duk suna cikin injin nan.

Wanda salonsa biyu ko uku ne, ya kwafe su kai tsaye cikin jakar haruffa, ba ya bukatar wannan zagaye. Ni kuwa tarin nawa yana faifan waje, kuma ranar da na manta ban jona shi ba, akwatunan nan dawowa suke yi.