Kyamara a ɗakin tsofaffi, yadda abin yake a nan Amurka

Salam Yaya, ya gida ya yara, ya jikin Baba? Kin ce wai da gaske ne ana sa kyamara a gidajen kula da tsofaffi irin wanda nake aiki, to wallahi gaskiya ne, har doka aka yi a kai. Mu nan jihar Ohio tun watan Maris na 2022 ta fara aiki, dokar Esther ake ce mata, sunan wata tsohuwa ce a Cleveland mai ciwon mantuwa da ɗanta ya ɓoye kyamara a ɗakinta a 2011 ya ga yadda ma'aikata ke cin zalinta, ita kuwa baiwar Allah ba ta iya faɗa. Texas ce ta riga kowa tun 2001, Illinois ta bi a 2016, amma fa ba duk jihohi ba, nan kowace jiha da tata dokar.

Kuma ba kawai ka kawo ka liƙa ba ne. Kai za ka saya, kai za ka biya kuɗin sawa da gyara, gidan wuta kawai za su ba ka. In su biyu ne a ɗaki sai ɗayan ko waliyyinsa ya yarda, kuma ni na ga dacewar haka don a ɗakin nan ake canza musu kaya ana goge musu jiki, wa zai so 'ya'yan wani su riƙa kallon tsiraicin uwarsa a waya? Gidan ba su da ikon korar mutum don ya sa, ma'aikaci kuma bai isa ya kashe ta ko ya rufe ta ba.

Kyamarar ba ta da tsada a nan, ga wuta ba a ɗaukewa ga intanet, da a gida ne sai kin haɗa da sola da kuɗin data. Gadon ne mai tsada, dubban daloli a wata, da yawa Medicaid, wato shirin gwamnati na biya wa marasa ƙarfi kuɗin kula da lafiya, ke biya musu.

Wasu abokan aikina haushinta suke ji, ni ko ta min daɗi, in tsoho ya faɗi da dare ba mai ɗora min. Abin da ke damuna shi ne waɗanda ba mai zuwa duba su, su ne suka fi buƙata kuma su ne ba su da mai saya musu. Ki gaishe min da Baba, ki ce kuɗin maganin na nan tafe ƙarshen wata in sha Allah.