Kayen ƙugu da kamun wuya: wanne ɗan kokawa zai fara koya?

Ƙanena na Argungu, tambayarka ita ce: kai gajere ne, kana kokawar gargajiya tun kana yaro, yanzu kuma kana kallon 'yan judo da 'yan kokawar Olamfik a waya, to tsakanin kada mutum ta ƙugu da kada shi ta wuya wanne ya fi, wanne kuma za ka fara sa wa ƙarfi? Amsata ita ce ƙugu. Amma kamun wuya kashi biyu ne, hukuncinsu kuma ba ɗaya ba.

A kayen ƙugu, wanda 'yan judo ke kira o-goshi, hannunka na hagu yana riƙe da damtsen abokin karawarka na dama, na damanka kuma ya bi ta ƙarƙashin hammatarsa ya zagaye bayansa. Sai ka jawo shi har nauyinsa ya koma kan yatsun ƙafa, ka juya ka ba shi baya, ƙafafunka biyu a tsakanin nasa, gwiwoyi a lanƙwashe, ƙugunka ƙasa da cibiyarsa. Kana miƙe gwiwa kana sunkuyawa, shi ke nan ya tashi. Cinya ce ke ɗagawa, hannu jagora ne kawai, kamar yadda ɗan dako ke shiga ƙarƙashin buhun shinkafa maimakon ya cicciɓe shi da damtse. A nan gajartarka riba ce, domin dogo sai ya durƙusa sosai kafin ƙugunsa ya sauka inda naka yake tun asali. Jigoro Kano, wanda ya ƙirƙiro judo ya kuma kafa makarantar Kodokan a Tokiyo a 1882, ba mai girman jiki ba ne, kuma kayen da aka fi saninsa da shi, uki-goshi, na ƙugu ne.

Kamun wuya na farko shi ne ka naɗe wuyansa da hannu ka juya ka kada shi, koshi-guruma a judo. Dube shi da kyau za ka ga ƙafa da ƙugu aikin da suka yi a o-goshi shi suke yi, wurin riƙo kawai aka sauya. Wanda bai iya shigar da ƙugu ba sai ya koma murɗa wuyan mutum da ƙarfin tsiya, kuma abin da nake yawan gani ke nan wajen samari. Yana da daɗin shiga, gaskiya, tunda wuya a fili yake, hammata kuwa sai ka yi faɗa kafin ka same ta. Sai dai abin da ka bari ya fi abin da ka kama. Da hannunka ya hau sama, nasa hannun ya samu ƙugunka. In kansa ya zame, ga shi a bayanka ya rungume ka, sai ya ɗaga ka ya yi baya da kai. Ɗan judo yana da riga mai kauri da zai damƙa ta hana zamewa. Kai kuwa a fage jiki tsirara ne ban da walki, ga zufa ga ƙura, kan da aka aske kuma ba ya zama a hannu. A jijitsun Barazil, wani salon kokawa mai kama da judo, ma lissafin ya nuna haka: kaye maki 2 ne, wanda ya hau bayanka ya maƙale ƙafafu kuwa 4 zai samu.

Akwai kuma batun rauni, wanda ya fi damuna. A o-goshi mutum yana juyawa ya sauka da baya ko gefe, kana riƙe da hannunsa. A kayen wuya, in mai kayen ya faɗi tare da shi, nauyin mutum biyu yana iya tattaruwa a ƙashin wuya, inda laka ta bi. Shi ya sa a dokar kokawar duniya ba a yarda ka kulle kan mutum da hannu biyu ba sai ka haɗa da hannunsa ɗaya a ciki. Ka riƙe wannan ko a inda ba alƙali. Ƙasar fagenmu bayan kaka, in ba a zuba yashi sosai ba, ba katifa ba ce.

Kashi na biyu shi ne wanda nake so ka koya tare da ƙugu: tafin hannu a ƙeyarsa, gwiwar hannunka a ƙasa tana tokare da ƙirjinsa, ɗaya hannun a damtsensa. Ka tura shi, da ya turo sai ka fizgo kan ƙasa kana ja da baya. Ba ka ba shi baya ba, ba ka murɗa komai ba. In ya ci, zai faɗi da hannuwa da gwiwoyi. Darajar wannan ta danganta da dokar wurin. A judo ba maki. A kokawar Olamfik sai ka zagaya bayansa ka danne kafin a ba ka maki 2, alhali jifa daga tsaye zuwa gadon baya 4 ne. A kokawar Senegal kuwa hannu biyu da gwiwa biyu a ƙasa kaye ne cikakke. Don haka ko a Argungu ne lokacin bikin kamun kifi, ko ka tsallaka Dosso ta Jamhuriyar Nijar, ka ji abin da alƙalan wurin ke ƙirgawa kafin a buga ganga.

Dalilin da ya sa na ce a haɗa su shi ne tsayuwarmu. Ɗan judo a miƙe yake, musamman tun 2013 da aka hana kama ƙafa gaba ɗaya, ƙugunsa na kusa. Ɗan kokawarmu a sunkuye yake, ƙugu can baya, kai a gaba, yana tsoron a ɗauke masa ƙafa. In ka juya wa mai wannan tsayuwa baya haka kawai, ba za ka iske komai ba sai iska, shi kuma ya samu bayanka. Amma ka fizgi ƙeyarsa sau ɗaya ko biyu, jikinsa da kansa zai yunƙura ya miƙe don kada ya kifa. A wannan yunƙurin hammata take buɗewa, ƙugunsa ya matso. Nan za ka sauke hannu daga ƙeya ka cusa shi ƙarƙashin hammata ka shiga.

Wajen atisaye, ka samu abokin da nauyinku ya yi kusa, a kan yashi mai laushi. Ku fara da koyon faɗuwa: haɓa a manne da ƙirji, kada a tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu. Sannan shiga da ɗagawa ba tare da kayarwa ba, dama da hagu, har sai ka ji ƙafafunsa na barin ƙasa ba ka yi nishi ba. Naɗe wuya ka bar shi sai wannan ya zauna, kuma ranar da za ka fara, damtsensa na cikin riƙonka.