Sharhi: Wata Shida na SIWES a Kamfanin Haɗa Esi da Bututun Ruwa

Ɗalibin da ke karatun injiniyan kanikanci a jami'a, idan ya kai aji huɗu, yakan fita wata shida don koyon aiki a ƙarƙashin shirin SIWES, wanda hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF mai hedikwata a Jos ta ƙirƙiro a 1973. Yawancin ɗalibai kamfanonin mai da manyan masana'antu suke rububi. Gurbin da ake rainawa shi ne na 'yan kwangilar da ke haɗa esi (na'urar sanyaya ɗaki) da bututun ruwa da kayan kashe gobara a manyan gine-gine. A ganinmu wurin ya cancanci wata shidan, da sharaɗi ɗaya: kamfanin ya kasance yana da ginin da ake kan aikinsa, kuma a riƙa tafiya da ɗalibin can. Bayan an rufe silin an yi fenti, rabin darasin ya ɓuya.

Abin da ɗalibi ya fi ƙaruwa da shi aikin bututun jan ƙarfe ne. A aji an koya masa yadda gas ke zagayawa tsakanin kwampireso, wato injin da ke matsa gas ɗin esi, da sauran sassa, amma ba a nuna masa abin da ke kashe kwampireso ba. A wurin gini zai ga ana yi wa bututu walda alhali ana hura naitirojin a hankali ta cikinsa. Idan ba a hura ba, zafi da iska sukan haifar da baƙin ɓawo a ciki, ɓawon ya bi gas ya toshe siririyar hanyar da ke rage masa ƙarfi. Daga nan sai gwajin yoyo: a cika layin da naitirojin, a rubuta abin da geji ya nuna, a bar shi ya kwana, a dawo a duba. Sai kuma zuƙe iska da injin bakyum har awon matsin da ya rage a cikin bututu ya sauka zuwa maikiron 500, a rufe bawul a ga ko zai tsaya a nan.

Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda masu gaggawa suka fi tsallakewa. Sai su ɗan buɗe gas ya yi "fuu" su ce ya kori iskar. Bai kori danshi ba. Man da ke cikin na'urori masu amfani da gas irin R410A da R32 yana shan danshi ƙwarai, danshin ya zama asid, asid ɗin ya ci rufin wayar kwampireso. Na'urar za ta yi sanyi ranar miƙa aiki, matsalar sai daga baya, lokacin da ma'aikatan sun daɗe da tafiya. Ɗalibi ya lura ko kamfanin yana da ma'aunin maikiron. Inda babu shi, tsawon lokacin bakyum cinta kawai ake yi. Haka kuma R410A gauraye ne, don haka da ruwansa ake ɗura shi, kuma a kan sikeli, ba da taɓa bututu a ji sanyi ba.

Bututun da ke fitar da ruwan esi ƙaramin abu ne mai yawan jawo rigima da mai gida. Yana buƙatar gangara aƙalla santimita 1 a kowace mita. Idan aka rataye shi da tazara mai yawa, sai ya yi ciki a tsakiya, ruwa ya taru, ya koma baya ya ɓata silin. A zuba masa ruwa a gwada kafin a rufe.

A ɓangaren famfo, ƙa'idar da za ta zauna masa a ka ita ce tsayin mita 10 na ruwa yana ba da matsi kusan "bar" 1, wato ma'aunin matsi. Shi ya sa bene na sama, da ke dab da tanki, ruwansa ke zuwa a raunane, na ƙasa kuma da ƙarfi. Ana gwada layin ruwa da matsi ninki ɗaya da rabi na wanda zai yi aiki da shi, kafin magina su yi yaɓe.

Raunin wannan gurbi a fili yake: lissafi. 'Yan kwangila zane ake miƙo musu daga ofishin masu tsarawa, su aiwatar. Ɗalibi na iya gama wata shida bai taɓa lissafa yawan zafin ɗaki ɗaya ba, sai dai ya ji ana cewa "sa masa mai doki ɗaya da rabi". A kasuwa wannan na nufin esi mai ƙarfin sanyaya kusan BTU (ma'aunin yawan zafi) 12,000 a awa, wato tan ɗaya, kimanin kilowat 3.5. Amma girman ɗaki kaɗai ba ya yanke hukunci. Ofis mai gilashi da ke fuskantar yamma a Kano ko Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ba ɗaya yake da ɗakin da ke cikin inuwa ba. Ga ƙurar hunturu da ke toshe raga ta na'urar waje. Maganin wannan giɓi shi ne ɗalibi ya roƙi oga ya ba shi zanen bene ɗaya, ya lissafa ɗakuna uku da hannunsa, ya kwatanta da girman na'urar da aka rubuta. Inda suka saɓa, ya tambayi dalili. Idan akwai manhajar zane ta AutoCAD ko Revit a ofishin, ya nemi a ba shi gyaran zanen ƙarshe, wanda ke nuna inda bututu suka bi a zahiri.

Kayan kariya ma ba kowane kamfani ke bai wa ɗalibi ba. A tambaya tun ranar kai takarda. In babu, a sayi hular kwano da takalmi mai ƙarfe a baki kafin a taka wurin gini.

Logbuk kuwa, wato littafin da ɗalibi ke rubuta aikin da ya yi, a daina cika shi da "mun je wurin aiki". A rubuta girman bututu, kamar inci 1/4 da 3/8 a ƙaramar na'ura, da matsin gwaji, da awar da aka fara da wadda aka duba, da nauyin gas ɗin da aka ƙara, sannan mai kula da ɗalibi ya sa hannu a ƙarshen kowane mako.