Gargaɗi: Saifurus biyu ce, ku tambayi ejan wacce yake sayar muku

Jama'a, raina a ɓace nake wannan rubutu. Ɗan yayata yau wata goma sha ɗaya ke nan yana tsibirin Saifurus, kuma ba a Turan da aka yi mana alkawari yake ba. Wanda ya shirya tafiyar wani ejan ne mai ofis a saman bene, bango duk hotunan jiragen sama, kullum yana zuba talla a Facebook da WhatsApp. Ba zan kama suna ba, don ba shi kaɗai ke wannan sana'a ba, kuma duk bakinsu ɗaya.

Ina zaune ya ce wa Yaya: "Hajiya, Saifurus fa tana cikin Tarayyar Turai. An ba yaronki sikolashif na rabin kuɗi, zai riƙa aiki yana riƙe kansa, in ya shekara ya wuce Jamus." Yaya ta sayar da filinta na gado. Ni ma da ake gani ɗan boko ban ce uffan ba, don ban san tsibirin a rabe yake ba.

Ga abin da ya ɓoye mana. Turkawan Daular Usmaniyya sun ci tsibirin a 1571, Birtaniya ta karɓi ragamarsa a 1878, ta ba shi 'yanci a 1960, shekara ɗaya da mu. Mazaunansa kashi biyu ne, masu jin Girkanci su ne masu rinjaye, sai masu jin Turkanci. Zaman bai yi daɗi ba, tun 1964 sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suke can. Ranar 15 ga Yuli 1974 sojojin da ke mulkin Girka suka ɗaure gindi aka kifar da Shugaba Makarios, bayan kwana biyar Turkiyya ta sauke sojojinta, ta kama fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsibirin. A 1983 arewacin ya ayyana kansa ƙasa, amma har yau Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi. Da Saifurus ta shiga Tarayyar Turai a 2004, an jingine dokokin Tarayyar a arewa. Tsakanin ɓangarorin biyu akwai shinge mai tsawon kusan kilomita 180, ya ratsa ta tsakiyar birnin Nikosiya.

To arewar nan ake kai 'ya'yanmu. Wurin da duniya ba ta yarda da shi ba, kasuwancinsa a takure yake: jirgi ba ya sauka filin jirginsu na Ercan sai ya bi ta Turkiyya, wasiƙa ma sai ta bi ta garin Mersin na Turkiyya. Abin da ya rage musu na samun kuɗin waje shi ne yawon buɗe ido, gidajen caca, gine-gine, da jami'o'i. Yankin da bai kai wata ƙaramar jihar tamu yawan jama'a ba yana da jami'o'i sama da ashirin. Wasu na kirki ne, na san waɗanda suka yi karatu a can suka dawo suna aiki lafiya. Amma da yawa ɗalibi ne hajarsu, kuma ejan yana da la'ada a kan kowane kai da ya kawo. Rabin kuɗin nan da ake kira sikolashif, kusan duk ɗan waje ana yi masa, rangwame ne irin na ɗan kasuwar da ya fara tsuga farashi. A 2024 ma an yi badaƙalar takardun digiri na bogi a wata jami'a a can, har aka kama manyan mutane.

Kuɗin makaranta da yuro ko dala ake biya, haya sau da yawa da fam ɗin Ingila, ɗan aikin da yaro zai samu kuma da lirar Turkiyya za a biya shi, wadda kullum faɗuwa take. Aikin ma ina yake? Wankin mota, wanke-wanke a gidan abinci, leburanci a wurin gini, wani lokaci a yi wata a hana ka haƙƙinka ba inda za ka kai ƙara.

Namu ya fi haka muni. Kuɗin shekara guda muka tura asusun ejan, ya ba mu rasit mai tambari. Yaro ya je rajista aka ce kuɗin ajiyar gurbi kawai aka biya. Ranar da ya kira ni ta bidiyo na ga katifu shida shimfiɗe a ƙasa a ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya a kan risho. Ya ce, "Kawu, don Allah kar ka gaya wa Umma." In rajista ta tsaya, takardar zama ta mutu, daga nan tara take hawa kullum, sai an biya kafin a fita salin alin.

Sai kuma 'yan damfara na biyu su fito, masu cewa a kawo kuɗi su tsallakar da yaro kudu cikin dare ya nemi mafaka. Wanda ya tsallaka, sansanin Pournara ake kai shi, kuma yawancin 'yan Najeriya ba a ba su mafakar. A 2021 wasu 'yan Kamaru sun maƙale wata da watanni cikin tanti a tsakiyar shingen, ba gaba ba baya. Tun a 2020 hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje, ƙarƙashin Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye kan tura yara arewacin Saifurus, mu ne dai ba mu ji ba.

Alhazanmu masu sha'awar gidan bakin teku a Girne, wani gari a arewar, ku ma a kula. Masu jin Girkanci fiye da 150,000 ne suka gudu suka bar gidaje da gonaki a arewa a 1974, kuma takardunsu na nan da rai. Wasu ma'aurata 'yan Birtaniya sun gina gida a irin wannan fili, mai filin ya kai su kotu a kudu ya yi nasara, a 2009 Kotun Turai ta ce ana iya zartar da hukuncin har a Ingila. Sun rasa gidan.

Kafin ku ba ejan ko sisi, ku duba lambar wayar makarantar. In ta fara da +90, arewa ce. Ta kudu +357 ce. Ku tambaye shi filin da jirgi zai sauka: Ercan arewa, Larnaka da Pafos kudu. Kuɗin makaranta kuma a tura asusun makarantar kai tsaye, bayan kun rubuta musu da kanku sun amsa, kun kuma bincika ko hukumominmu na karɓar takardar, musamman likitanci da aikin jinya.

Mu yanzu karo-karo muke yi a dangi na kuɗin tara da tikitin dawowa. Ejan ya daina ɗaukar wayata, amma jiya na ga ya sake saka talla, wai gurbi ya kusa ƙarewa.