Wasiƙa daga Shefild: hanya kyauta ce, takalmi da shayi sai da fam

Yaya, assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya.

Ka tambaye ni abin da mutanen ƙasar nan ke samu da harajin da ake yankar mana tun albashi bai shigo hannu ba. Labarin asibiti da makaranta na riga na ba ka, da daɗinsa da ɗacinsa. Yau zan rubuto a kan abin da mu ba mu cika lissafa shi cikin aikin hukuma ba, wato hanyar ƙafa: 'yar siririyar hanya mai bin gefen rafi, ta ratsa kurmi, ta kewaye tafki, wadda aka tanada don mutum ya taka ya sha iska ya koma gida. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya mai kyau da talaka ke samu a Ingila ba tare da ya sa hannu a aljihu ba, ita zan zaɓa.

Shefild garin maƙera ne tun asali, wuƙa da cokali da ƙarfe ne suka yi masa suna. Koguna biyar ke bi ta cikinsa, kuma a da ruwansu ne ke juya duwatsun wasa wuƙa. Da sana'ar ta koma ta injin, sai aka bar ƙananan tafkunan da aka datse wa maƙeran, agwagi suka gaje su, hanyoyin da ma'aikata ke bi suka zama na masu yawo. Mafi sauƙi ita ce ta rafin Porter. Bas zai ajiye ka a ƙofar lambun Endcliffe, ka bi ruwa a ƙarƙashin inuwa har Forge Dam, mil biyu da 'yan kai, hawan da ke cikinta ba ya ko sa mutum haki. A tsakiya akwai Shepherd Wheel, tsohon wurin wasa wuƙa da ake da labarinsa a rubuce tun ƙarni na 16. A ƙarshen mako, in akwai ruwa, sukan sake shi ya juya don yara su gani. Za ka haɗu da tsohuwa mai dogara sanda, da uwa mai tura keken jariri, da mai keken guragu shi kaɗai ba mai tura shi. Ba ka yin nisa ba ka ga benci ba, da yawansu da ɗan allon tagulla mai sunan wani mamaci, iyalansa ne suka biya kuɗin bencin don mai wucewa ya huta.

Wannan ta cikin gari ce. Abin da ya fi ɗaure mini kai yana bayan gari, inda yawancin hanyoyin cikin gonakin mutane suke bi. Gonar ta mai ita ce, tumakin nasa ne, amma hanyar da ta ratsa tsakiya ta kowa ce, kuma bai isa ya toshe ta ba. A Ingila da Wels irin waɗannan hanyoyi sun kai kimanin mil 140,000. Wata doka ta 1949 ce ta ɗora wa hukumomin yankuna aikin zana su a taswira guda wadda kotu ke aiki da ita, kuma hanyar da ta shiga taswirar nan ta shiga ke nan, ko gonar ta sauya hannu sau goma. In manomi ya yi huɗa ya bi ta kan hanyar da ta ratsa gonarsa, kwana 14 gare shi ya daidaita ta, kuma faɗinta kada ya gaza mita ɗaya. In alkama ta yi tsawo ta rufe ta, shi zai yanke. Gyaran ƙyauren da ke jikin shinge a wuyansa yake, hukuma ta biya aƙalla rubu'in kuɗin. Har bijimi sai da doka ta yi magana a kansa: na jinsin shanun madara, in ya wuce wata goma, ba a sakin sa a filin da hanya ta ratsa. Hanyar da jama'a suka shekara 20 suna bi a fili, ba wanda ya hana su, ana iya neman a shigar da ita taswira ita ma.

Ka ga ke nan burtali ne, sai dai na mutane. Ka tuna wanda ya bi ta gabas da gonar Baba, yadda kowace damina maƙwabta ke ƙara kunya ɗaya daga gefe har ya zama shanu biyu ba sa iya jerawa? Kada ka ɗauka manoman nan sun fi namu tsoron Allah. Da za a bar su, su ma da sun cinye. Akwai mai cire alama, akwai mai ɗaure ƙyaure da waya, akwai mai barin ƙaya ta rufe mashiga. Abin da ya raba mu shi ne a nan an rubuta, kuma akwai wanda za a kama in hanya ta ɓace. Hukumar yanki tana da jami'an da aikinsu hanyoyin ƙafa ne, ana kai musu ƙara ta waya ko ta intanet. Sannan ga ƙungiyar masu yawo da ake kira Ramblers, wadda aka kafa a 1935, cike take da 'yan fansho masu lokaci da naci. In suka sa manomi gaba da takarda, ya fi masa sauƙi ya buɗe ƙyauren.

Kuma ba masu ƙasa ne suka wayi gari suka bayar don kirki ba. A watan Afrilun 1932 ɗaruruwan matasa ma'aikata daga Manchesta da Shefild suka hau tudun Kinder Scout da gangan, lokacin masu kuɗi sun keɓe shi don harbin tsuntsaye. Aka yi kokawa da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar. Ɗaurin nan ya ja musu tausayin jama'a. A 1951 yankin da tudun yake, Peak District, ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, a 2000 kuma aka yi dokar da ta buɗe tuddai da filayen da ba a nomawa. Duk da haka, inda mutum zai yi yawo yadda ya ga dama bai wuce kamar kashi 8 cikin 100 na ƙasar Ingila ba. Sauran, ƙafarka a kan hanya kawai. Sikotlan ta fi su sakin hannu tun dokarta ta 2003.

Ɓata ba ta da sauƙi in kana kallon alama. Kibiya mai ruwan ɗorawa tana nufin masu ƙafa kaɗai, shuɗiya kuma har da doki da keke.

Daga Shefild jirgin ƙasa mai zuwa Manchesta ta kwarin Hope yana ajiye mutum a Grindleford cikin kamar kwata na awa. Sama da tashar akwai kurmin Padley, tsofaffin itatuwa da ƙorama, sai dai akwai duwatsu da saiwoyi, bai dace da gwiwar Hajiya ba. In ka haura sama za ka fito Longshaw, fili shimfiɗaɗɗe da tafki, na ƙungiyar National Trust da aka kafa a 1895 don adana irin waɗannan wurare. Mai ƙafa ba ya biyan ko sisi. A nan ne tun 1898 ake gasar karnukan kiwo, inda makiyayi zai tsaya wuri guda yana fito, kare na kora masa tumaki cikin garke.

Wadda na fi so ita ce ta madatsar Ladybower. An gina ta daga 1935 zuwa 1943, ruwanta ya haɗiye ƙauyuka biyu, Ashopton da Derwent. Sai da aka tone kaburbura aka mai da su ƙauyen Bamford. A shekarar da aka yi ƙarancin ruwa, kamar 2018, kufan Derwent kan fito mutane su yi ta tururuwar kallo. Madatsar ta kamfanin ruwa na Severn Trent ce, ruwan sha ne na birane irin su Derby da Nottingham da Leicester, amma kamfanin bai kewaye ta ya kori mutane ba. Akwai hanya a gefen ruwa, da wurin hayar keke da banɗaki a Fairholmes. Iyo kuwa an hana, don sanyin ruwan yana kisa. Duk sanda na tsaya a can sai Tiga ta faɗo mini. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 ya ninka Ladybower ruwa sau gommai, ga duwatsu ga tsuntsaye, amma ba a yi masa hanyar da magidanci zai kewaya gaɓarsa da 'ya'yansa ranar Asabar ba. Dajin Falgore kuwa ka fi ni sanin abin da ke hana mutum shiga don shan iska.

Akwai kuma Monsal, tsohon layin dogo da aka rufe a 1968 aka mai da shi hanya, mil takwas da rabi daga kusa da Bakewell. Tunda jirgi ba ya hawan tudu, shimfiɗe take. Ramukan da jirgi ke bi a da ta cikin dutse an buɗe su a 2011, ana kunna fitilu a cikinsu da rana.

To, nan kyauta ta ƙare. Duk abin da ke kewaye da hanyar kasuwa ce. Fakin sai ka biya, yawanci da kati ko ta manhajar waya, kuma a lungun da waya ba ta samun sabis sai ka yi ta ɗaga hannu sama. Kofin shayi a shagon bakin hanya yakan ci fam uku, ruwan zafi da 'yar jakar ganye da ɗigon madara, wanda mai shayin bakin tasha zai ji kunyar miƙa maka. Ni filas nake cikawa daga gida, da citta da kanumfari, in haɗa da soyayyen nama ko dabino, don samun abincin halal a ƙauyukan nan wuya gare shi. Abin da ya rage wa Musulmi kifi da dankali ne ko burodi da cuku. Bas ɗin ƙauye ma ba abin dogaro ba ne, ranar Lahadi in ka rasa ɗaya kana iya zaman awa guda ko fiye a cikin iska.

Kaya biyu ne ba makawa: takalmin da ruwa ba ya shiga da rigar ruwa mai hula. Kambas ɗin gwanjo da muke saye a Kofar Wambai ba ya kai labari a taɓon nan, mil ɗaya ya jiƙe har safa. A shaguna irin su Decathlon da Go Outdoors ana samun masu sauƙin kuɗi da ke aiki, ana kuma samun rigar da kuɗinta ya fi albashin wata na malamin firamare a gida, kuma ruwan sama iri ɗaya ne ke dukan su duka. Shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji sun fi ko'ina sauƙi, musamman a unguwannin masu kuɗi, inda ake zubar da kaya tun ba su tsufa ba. Abin da na yaba a cinikin nan shi ne mayar da kaya: in takalmi ya matse ka, ba ka taka shi waje ba, kana da rasit, za su karɓa ba tare da rantsuwa ba. Taswirar Ordnance Survey ta takarda ita ma sayenta ake yi, amma ta biya kuɗinta, har katangar gona da ƙaramar gada an zana.

In mutum ya karye a kan tudu, 999 zai kira ya nemi 'yan sanda, su turo masu ceto. Masu ceton 'yan sa-kai ne, da gudummawar jama'a suke sayen mota da igiya, kuma ba sa karɓar ko kwabo daga wanda suka ɗauko.

Abin da ke damuna karnuka ne. Kusan kowa da nasa, da yawa a sake, ya taho da gudu ya ɗora maka ƙafa da yawu a wando, mai shi na murmushi yana cewa wasa yake yi. Ga mai shirin sallar la'asar wannan ba wasa ba ne. A tuddai da filayen da aka buɗe wa jama'a doka ta ce a ɗaure su kusa da dabbobi, manomi ma na iya harbe karen da ke farautar tumakinsa, amma babu dokar da ta kare wandona. Wasu kuma su kwashe kashin karen a leda, su rataye ledar a reshen bishiya su tafi. Har yau ban gane hikimar ba. Banɗakunan da tsabta, sai dai takarda ce kawai, don haka 'yar gorar ruwa ba ta barin jakata. Maciji mai dafi iri ɗaya ne a duk ƙasar kuma gudun mutane yake yi. Kaska ta fi shi haɗari, tana sa wata cuta da ake kira Lyme, shi ya sa ake duba ƙafa bayan an ratsa doguwar ciyawa.

A wasu ƙauyuka za a kalle ka, don baƙar fata bai cika zuwa ba, balle mace mai hijabi. Yawanci kallon ba ya wuce kallo. Abin mamaki ma, Baturen da zai zauna kusa da kai a bas shekara guda bai ce maka uffan ba, in kuka haɗu a bakin rafi shi zai fara gaishe ka, har ya tsaya ya gaya maka inda taɓo ya yi yawa a gaba.

In Allah ya nufa bizarka ta fito, ka daidaita zuwanka tsakanin Mayu da Satumba. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk suna iya riskar mutum a kan hanya ɗaya, ga ƙasa jiƙe ba wurin shimfiɗa dadduma. A Yuni kuwa sai wajen tara da rabi na dare take faɗuwa, mutum ya tashi aiki ya ci abinci ya kuma kewaya tafki da haske. Ka aiko mini da lambar takalminka in nema maka tun yanzu, da sanyi ya wuce suke karya farashi. Ka gaida Hajiya da yara.